Idan Baturen Ingila ya ce zai yi tunani, mi yake nufi?

Ranar Asabar da ta gabata, ɗaliban wata lise ta birnin Maraɗi da ke haɗuwa kowane mako domin koyon Ingilishi sun gayyaci ɗaya daga cikin marubutan wannan jarida ya yi musu lacca. Batun da sunka zaɓa masa shi ne salon maganar Ingilishi da ya shafi tunani da nazari. Ganin cewa abin ya shafi duk mai sauraren gidajen rediyon waje, da duk mai fassara ma jama'a labarun duniya, mun ga ya dace mu kawo ma masu karatu jawabin ɗungurungum.

Shugaban zama, malamai masu girma, ɗalibai ƙannena maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da wannan gayyata, amma sai in faɗi gaskiya tun daga farko: ni ba malamin Ingilishi ba ne. Ɗan jarida ne da ya yi karatunsa da Faransanci tun daga ajin farko na lakwal har jami'a, ya kuma gamu da Ingilishi a ajin sizyem kamar yadda kunka gamu da shi. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsayawa gabanku shi ne wani kuskure da na taɓa yi, wanda har yau in na tuna shi sai kunya ta rufe ni. Da shi zan fara, domin Hausawa sun ce jiki magayi.

A shekarata ta farko ta aiki, an miƙo mini wata wasiƙa da Ingilishi daga wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje da ta yi alkawarin gina rijiyoyi a wasu ƙauyukan karkara. A cikin wasiƙar akwai wannan jimla: « We are having second thoughts about the project ». Na san « second », na biyu ke nan, tunda haka yake a Faransanci. Na san « thoughts », tunani ke nan. Sai na zauna na rubuta cewa masu agajin sun sake zama karo na biyu suna nazarin aikin, alama ce ta cewa abin ya kusa. Anka karanta ma maigarin ɗaya daga cikin ƙauyukan wannan labari, shi kuwa ya tara samari sunka shiga jidar yashi da tsakuwa da amalanke, tunda shi ne kason da anka ɗora ma mutanen gari. Bayan wata biyu sai ga sanarwa cewa an soke aikin. A ranar na koyi cewa in Bature ya ce yana da « second thoughts », to shakka ta shige shi, ya fara ja da baya. Wasiƙar gargaɗi ce, ni kuwa na mayar da ita albishir.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan lacca guda ne. Mu da munka biyo ta Faransanci, manyan kalmomin Ingilishi ba su ba mu tsoro, domin mun san danginsu. Ƙananan kalmomi ne ke kada mu, kuma a cikinsu ne Bature ke ɓoye ko ya yanke shawara, ko yana kokwanto, ko ya riga ya ƙi. Tun watan Maris na 2025, kundin da ke tafiyar da ƙasarmu ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ke nan da yawa daga cikinku za su wayi gari su ne tsakanin takardar Ingilishi da kunnen Bahaushe, kamar yadda na samu kaina. Zan fara da asalin matsalar, sannan in bi maganganun rukuni rukuni, in ƙare da yadda suke canza launi a bakin ƴan siyasa.

Gida mai hawa biyu

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 1066, kusa da garin Hastings, rundunar Wilyam, basaraken yankin Normandi na arewacin Faransa, ta ci Ingila da yaƙi. Daga nan har kusan shekara 300, Faransanci ne harshen fada da na manya, Latinanci na coci da na malamai, Ingilishi kuwa anka bar ma manoma da makiyaya da ƴan kasuwa. Sai a 1362 anka kafa doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi a kotuna, domin jama'a ba su fahimtar abin da ake faɗa a kansu. Abin dariya, ita kanta dokar da Faransanci anka rubuta ta. Ina jin ba sai na yi muku dogon bayani ba a kan yadda rayuwa take inda alƙali ke magana da wani harshe, mai ƙara kuma da wani.

Wannan tarihi ya mayar da Ingilishi kamar gida mai hawa biyu. A sama akwai kalmomin da sunka shigo ta Faransanci da Latinanci: « reflect », « consider », « contemplate », « meditate », « deliberate ». Ɗalibin lise yana ganin su zai gane ƴan'uwan « réfléchir », « considérer », « contempler », « méditer » da « délibérer » ne. A ƙasa kuwa akwai tsofaffin kalmomin ƴan gida, gajeru: « think », « look », « weigh », « chew », « sleep ». Na sama su ne na rahoto da na takardar jarrabawa. Na ƙasa su ne na hira, na wayar tarho, na kanun labarai, na ciniki, kuma ba kasafai suke tafiya su kaɗai ba. Kowace tana jan wata ƴar kalma a bayanta, irin su « over », « through », « up », « back », « out ». Ni ƴar rakiya nake kiran ta, amma ƴar rakiyar da ke iya canza ma uwar tafiya hanya.

Su kansu masu harshen sun san wahalar abin. Samuel Johnson, a gabatarwar babban ƙamus ɗinsa na 1755, ya amsa cewa wannan ɗabi'a ta liƙa ma aikatau ƴar kalma ita ta fi komi wahalar da baƙi. Sunan da ake koya muku a aji, « phrasal verb », ya bazu ne bayan littafin da Logan Pearsall Smith ya wallafa a 1925 a kan kalmomi da salon maganar Ingilishi.

To, ga albishir, kuma wannan karon na gaskiya ne. A nan Bahaushe ya fi Bafaranshe sa'a. Bafaranshe yana buƙatar kalmomi huɗu daban, « entrer », « sortir », « monter », « descendre », inda Baturen Ingila ya ɗauki « go » kaɗai ya canza mata ƴar rakiya. Mu kuwa mun saba da irin wannan wasa tun muna goye, sai dai a wutsiyar aikatau muke yin sa. Mun san bambancin ci da cinye, sha da shanye: shi ne bambancin « eat » da « eat up », « drink » da « drink up ». Mun san fita da fito, saya da sayo da saye da sayar. Wani malamin Hausa na jami'ar Landan, F. W. Parsons, ya tsara waɗannan sauye-sauye aji bakwai a 1960. Saboda haka shawarata ta farko: in kun gamu da irin wannan aikatau, ku bi da shi ta Hausa kafin ku bi da shi ta Faransanci.

Tunani yana da alƙibla

Mu ɗauki « think ». In an ce « think about », tunani ne kawai a kan abu, bai nuna inda anka dosa ba. In an ce « think over », akwai amsa da ake jira, mutum yana juya maganar yana duba ta ciki da baya kafin ya ba da ita, kamar yadda mai sayen zane ke juya turmi a kasuwa. Wanda anka yi ma tayin aiki zai ce « let me think it over ». In an ce « think through », an bi maganar ke nan daga bakin ƙofa har ƙuryar ɗaki: in na yi kaza, mi zai biyo baya, bayansa kuma sai mi?

Bambancin waɗannan biyu yana iya kada gwamnati. Ranar 23 ga Satumba 2022, ministan kuɗi na Birtaniya, Kwasi Kwarteng, ya bayyana rage haraji na kimanin fam biliyan 45 ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba. Cikin kwana uku darajar fam ta faɗi yadda ba ta taɓa faɗuwa ba gaban dalar Amurka, ranar 28 babban bankin Ingila ya shigo domin ya tare ɓarna, ranar 14 ga Oktoba anka sallami ministan, ranar 20 faraminista Liz Truss ta ba da sanarwar murabus. Kwana 49 ta yi bisa mulki. Babu mai cewa ba su yi tunani a kan shirin ba, sun daɗe suna son sa. Abin da ya rasa shi ne bin sa har ƙarshe, kuma Ingilishi yana faɗin haka da kalma uku: « not thought through ».

« Think up » kuwa ƙirƙirowa ce, fito da abin da babu shi a da, dabara ce ko hujja. Ɗalibin da ya makara yakan « think up an excuse » tun daga bakin ƙofar makaranta. « Think back » shi ne namu tuno, wato jawo abin da ya wuce zuwa yanzu. « Think ahead » hangen gaba ne, irin na manomin da ke ware iri tun ranar da ya ɗaure damma. « Figure out » da « work out » warware ƙulli ne har a samu bakin zaren. Akwai kuma « dawn on », daga kalmar wayewar gari: « it dawned on me » na nufin sai can gari ya waye mini, na gane abin da ya daɗe gabana.

Ku yi hattara da biyu. « Look back on » waiwaye ne, mutum ya dubi shekarun da ya baro. Amma in an ce wane « never looked back », ba a ce ya manta da asalinsa ba. Ana nufin tun daga lokacin sai gaba yake ci, arziki bisa arziki. Haka nan « reflect ». Asalinta a Latinanci lanƙwasowa baya ne, shi ya sa take aiki ga madubi da ga zuciya. « Reflect on your mistakes » na nufin ka yi nazarin kurakuranka. Amma « this reflects badly on you » babu tunani a ciki ko kaɗan: abin ya zubar maka da mutunci ke nan.

Ƙa'ida guda ta nahawu kafin mu wuce, domin a nan ake gane baƙo. Wasu daga cikin waɗannan aikatau suna buɗewa su sa wakilin suna a tsakiya: « think it over », « think it through », « figure it out ». Wasu ba su buɗewa: « think about it », « reflect on it », « sleep on it ». Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ku hardace kowanne da « it » ɗinsa a wurin da yake zama.

Ciki, sikeli, kaza da kanti

Kowane harshe yana aron wata sana'a domin ya siffanta abin da ke gudana a zuci. Bahaushe masaƙi ne: yana saƙar zuci, yana saƙa da warwara, ya saƙa wannan ya kwance wancan. Baturen Ingila kuwa da ciki yake farawa. Yana cewa « chew it over », ya tauna maganar. « Food for thought », abincin tunani, wato zancen da ya cancanci a zauna a kansa. « Digest », ya bar labari ya narke masa kafin ya ce uffan. A hawan sama ma haka ne, domin « ruminate » asalinta tuƙa ce irin ta saniya da raƙumi. « Mull over » ita ma juya magana ce a hankali ba gaggawa, kuma masu ƙamus da dama suna danganta ta da wata tsohuwar kalma mai nufin niƙa.

Bayan ciki sai sikeli. « Weigh up » auna abu biyu ne a ga wanda ya rinjaya, kamar yadda muke cewa a auna magana. « Ponder » ta fito daga kalmar Latinanci mai nufin nauyi, « deliberate » daga sunan sikeli, kuma ko « penser » na Faransanci uwa ɗaya suke da « peser ».

Sai kaza. « Brood » asalinta kwancin kaza ne bisa ƙwai. « Brood over » kuwa shi ne mutum ya kwanta bisa baƙin cikinsa yana ɗumama shi. Bambancin shi ne kaza tana ƙyanƙyasa bayan kwana 21, mai irin wannan tunani kuwa ba ya ƙyanƙyashe komi. Ƙanwarta ita ce « dwell on »: « dwell » zama ne a wuri, saboda haka « don't dwell on it » na nufin kada ka kafa bukka a kan abin da ya wuce. Waɗannan biyu zargi ne, kada ku yabi malaminku da su.

Daga kanti kuma anka samo « take stock ». Mai kanti ne ya rufe ƙofa ya ƙidaya hajarsa, ya san abin da ya fita da abin da ya rage. Mutum yakan yi haka da rayuwarsa, ƙasashe ma haka. Yarjejeniyar Paris ta 2015 a kan sauyin yanayi ta tanadi a riƙa yin wannan ƙidaya kowace shekara biyar. Sunanta da Ingilishi « global stocktake », da Faransanci « bilan mondial », kuma an kammala ta farko a Dubai cikin Disamba 2023.

Akwai kuma kwabo, wanda mu ma daga kalmarsu ta « copper », jan ƙarfe, munka are shi. In Bature ya ga ka yi zugum, yakan ce « a penny for your thoughts »: ga kwabo, sayar mini da abin da kake saƙawa. Maganar tsohuwa ce, tana cikin tarin karin maganar da John Heywood ya buga a 1546. In kuma ya ce « the penny dropped », hoton na'urar da ake jefa ma kwabo ne, ta yi shiru, can kwabon ya faɗa ta fara aiki: sai yanzu wane ya gane.

Dare da ƙeya

« Sleep on it » ba ta da wuya gare mu, tunda muna cewa bari in kwana da maganar, Bafaranshe ma yana cewa dare mai ba da shawara ne. Ga misali daga tarihi. Ranar 20 ga Nuwamba 1990, ƴan majalisar jam'iyyar Margaret Thatcher sunka jefa ƙuri'a a kan shugabancin jam'iyya: ta samu 204, Michael Heseltine ya samu 152, ƙuri'a huɗu kacal sunka rage mata ta tsallake tun zagayen farko. Kashegari da yamma ta gana da ministocinta ɗaya bayan ɗaya, akasarinsu sunka nuna mata ba za ta kai labari a zagaye na biyu ba. Ta ba da labari a littafin tarihin mulkinta na 1993 cewa ta ce sai ta kwana da maganar murabus, kamar yadda ta saba yi da manyan al'amura. Da safiyar 22 ga wata ta shaida ma majalisar ministoci cewa ta janye, bayan shekara 11 da rabi tana mulki.

Masana kimiyya ma sun gwada abin. A 2004 mujallar Nature ta buga wani bincike na jami'ar Lübeck ta Jamus: an ba mutane aikin lissafi mai ɓoyayyar gajeriyar hanya, wasu sunka yi barcin awa takwas kafin su sake gwadawa, wasu sunka zauna ido biyu. Waɗanda sunka gano hanyar cikin masu barci sun ninka na sauran fiye da sau biyu. Sai dai ku kula: a bakin samarin Amurka na yanzu, « don't sleep on him » na nufin kada ka raina shi. Kalma guda ce ta canza, ma'ana ta koma wani gari.

Ga kuma tarkon da aka haƙa musamman domin ɗan lakwal: « hindsight is 20/20 ». Mu in mun ga 20/20 sai mu tuna makin dikte. Wannan kuwa awon ido ne. Wani likitan ido na ƙasar Holan, Herman Snellen, ya ƙirƙiro allon haruffan gwaji a 1862. A Amurka ana tsayar da mutum ƙafa 20 daga allon, kimanin mita 6, in ya ga abin da lafiyayyen ido ke gani daga nan sai a ce yana da 20/20, abin da tsarin Faransa ke kira 10/10. Ma'anar ita ce mai waiwaye idonsa garau yake. Bayan abu ya faru kowa malami ne. Mu mun ce da na sani ƙeya ce. Amurkawa suna da wata kuma, « Monday morning quarterback »: ana buga manyan wasannin ƙwallonsu ranar Lahadi, ranar Litinin da safe kowane ma'aikaci a ofis ya san abin da jagoran ƴan wasa ya kamata ya yi. Mai ihu bayan hari ke nan.

A bakin ƴan siyasa

Yanzu mu koma inda na yi tuntuɓe. Kalmomi uku ne masu kama da juna. « Think twice » gargaɗi ne kafin aiki: ka yi hattara. « Have second thoughts » shakka ce bayan an riga an ɗauki niyya. « Think better of it » kuwa fasawa ce gaba ɗaya: ya tashi zai yi, ya ga babu alheri, ya bari. Wanda ya fassara ta da cewa wane ya ƙara ganin kyawun abin, ya juya labari kansa ƙasa. « On second thoughts », ko « on second thought » a bakin Ba'amurke, ita ce ƙofar da mai magana ke bi in zai canza abin da ya faɗa yanzun nan. « In two minds » kuwa mutum ne tsakanin hanya biyu bai zaɓa ba; babu zargin munafunci a ciki, saboda haka kada ku ce mai fuska biyu.

Baturen Ingila ba ya son cewa a'a ƙiri-ƙiri, kuma a nan ya yi kama da mu. « I'll think about it » sau da yawa daidai take da namu « sai na yi shawara », ko « za mu gani » na mai kuɗi in ka je rance. « I'll bear it in mind », zan riƙe a zuciya, ita ma sau da yawa sallama ce cikin ladabi. Alamar da za ku duba ita ce rana: wanda ya ce zai juya maganar ya ba ka amsa ranar Alhamis, da gaske yake, wanda bai sa rana ba, kada ku sa a jidi yashi.

A majalisar dokokin Birtaniya, in ɗan adawa ya miƙe ya ce minista « should consider his position », ba ya roƙon sa ya yi nazarin matsayinsa. Cewa yake ya yi murabus. Haka kuma kalmar « table »: a Landan, in an yi ma ƙuduri haka, an gabatar da shi ke nan domin a tattauna; a Washinton kuwa an jingine shi ke nan. Winston Churchill ya ba da labari a littafinsa na yaƙin duniya na biyu yadda hafsoshin ƙasashen biyu sunka yi ta gardama a kan wannan kalma kafin su gane abu ɗaya suke so.

Wani lokaci ma tunani makara ce da ake ɗaukar magana zuwa kushewa. Ranar 29 ga Mayu 2005 Faransawa sunka ƙi kundin tsarin mulkin Tarayyar Turai da kusan kashi 55 cikin 100, ranar 1 ga Yuni mutanen Holan sunka bi sahu da fiye da kashi 61. A tsakiyar watan Yuni shugabannin Tarayyar sunka ba da sanarwar abin da sunka kira « period of reflection », lokacin nazari. Kundin bai sake tashi ba. Yarjejeniyar Lisbon da anka sa ma hannu a Disamba 2007 ita ta maye gurbinsa. Ɗan jaridar da ya rubuta a 2005 cewa ana nan ana nazari bai yi ƙarya ba, amma bai gaya ma mai karatu abin da ke faruwa ba.

Ƙannena, ga abin da nake yi tun daga waccan shekara, in kun ga dama ku ara. Ina da ɗan littafi a aljihu. In na gamu da irin wannan magana, ba na rubuta ta ita kaɗai da fassararta a gefe. Ina kwafe jimlar duka, in rubuta wanda ya faɗe ta, da wanda anka faɗa ma, da abin da ya biyo baya. Sannan in yi ma kaina tambaya guda: mai maganar nan gaba ya nufa, baya ya nufa, ko tsaye yake? In kuma na san kowace kalma ta cikin jimla amma jimlar ta zo mini da sauƙin da ya yi yawa, a nan nake buɗe ƙamus, domin a irin wannan wuri ne na faɗi.

Bayan an soke aikin rijiyoyin, jaridar ta buga gyara, ni kuma na tafi ƙauyen da ƙafata. Na tarar da tulin yashin yana nan bakin gari, yara suna wasa a kansa. Na durƙusa na ba maigari haƙuri. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi: « Ɗana, wanda ya ɗauko ma mutane magana kaya ya ɗauko, in bai san abin da ke cikin buhun ba, sai ya tambaya kafin ya sauke. » Ni ma abin da zan bar muku ke nan, tunda matambayi ba ya ɓata.

Shugaban zama ya ce akwai rabin awa na tambayoyi. Wadda na sani zan amsa, wadda ta fi ƙarfina ga malamanku nan zaune.